Adamu Ɗanmaraya Jos, Mawaƙin Leburori: Tarihin Rayuwarsa da Sana'arsa

Gabatarwa

Tun da aka fara koyar da adabin Hausa a makarantu an saba raba waƙa gida biyu. Akwai rubutacciyar waƙa, wadda malamai suka gada tun daga zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa, akwai kuma waƙar baka, wadda makaɗa ke yi da ganga ko da tsirkiya. Ta farkon ita ce mai daraja a idon masu ilmi, ita aka fara bugawa cikin littattafai, ita ake ba ɗalibai su haddace. Ta biyun kuwa an daɗe ana ɗaukarta roƙo kurum. In ma an waiwaye ta, makaɗan fada ake fara dubawa, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, domin su ne masu zurfin Hausa, su ne kuma suka riƙe tarihin sarakuna.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a ba da tarihin wani mawaƙi da bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan manyan layuka ba, watau Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a 1946, ya rasu a 2015. Bai rubuta waƙa a takarda ba, bai kuma zama makaɗin wani sarki ba. Ya tashi a garin ma'aikatan kuza, ya yi sunansa da waƙar yaron mota, ya shekara wajen 50 yana yi wa talakawa waƙa da ɗan ƙaramin abin kiɗa da aka yi da gwangwani. Za a duba garin da ya haife shi, da yadda ya shiga sana'a, da mutanen da ya zaɓa ya yi wa waƙa, da irin Hausarsa. Daga ƙarshe za a auna maganar nan da ake yi, cewa shi ne mawaƙin talakawa, a ga iyakar inda ta tsaya.

Bukuru da aikin kuza

Ba a fahimtar Ɗanmaraya sai an fahimci Bukuru. Garin yana kamar mil 9 kudu da Jos, a ƙasar Birom, bisa tsaunin nan mai sanyi da Turawa suka sa wa suna Filato. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wannan yanki suna haƙar kuza suna narkawa, fatake suna kai ta kasuwannin Hausa. Ganin wannan kuza a hannun fatake shi ya sa Kamfanin Neja ya aiko da masu bincike a farkon shekarun 1900, suka bi sawu har suka iske inda take fitowa. Kafin a yi shekara 10 kamfanonin Ingila sun cika tsaunin.

Abin da ya fi damun kamfanonin nan biyu ne, watau hanyar fitar da kaya, da masu aiki. Game da hanya, an shimfiɗa ƙaramar reluwe daga Zariya, ta iso Bukuru a 1914, sa'an nan a 1927 babbar reluwe ta gabas ta iso Jos ta kan Kafancan. Game da masu aiki kuwa, mutanen ƙasar manoma ne, da fari ba su da sha'awar aikin lada, balle ma a kan gonakinsu da aka karɓe. Saboda haka aka nemo leburori daga nesa, daga Kano da Zariya da Bauci da Barno da Sakkwato, har da ƙasar Faransa ta wancan zamani. Waɗansu 'yan cin rani ne, su zo bayan kaka su nemi kuɗin haraji da na aure su koma gida da damina. Waɗansu kuwa suka zo suka zauna, suka haifi 'ya'ya a bariki.

Aikin na ƙarfi ne. A sare ƙasa da diga da shebur, a cika kwano, a ɗauka a ka a hau da shi daga cikin rami, a zuba inda ruwa zai wanke ƙasar ya bar baƙin yashin kuza. A kan kowace ƙungiya akwai helima mai lura da aiki, a bisansa akwai akawu, a bisan akawu akwai Bature. Da Japan ta kama ƙasar Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza ana tsakiyar yaƙi, sai gwamnati ta kafa dokar aikin tilas. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar dubban manoma daga lardunan Arewa ta hannun En'e ana kai su ramukan Filato. Da yawa sun mutu saboda sanyi da ƙarancin abinci da cuta, da yawa kuma sun gudu. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000, ba a kuma sake kai wannan adadi ba.

Shekara 2 bayan an soke aikin tilas aka haifi Adamu. Ashe ke nan manyan da ya buɗe ido ya gani a Bukuru mutane ne da suka san nauyin kwano a ka, suka kuma san abin da ake biyan mai ɗaukarsa. Gari ne na baƙi, ba mai tinƙaho da gidan kakansa. Abin da ya haɗa Bahaushe da Babarbare da Bayarabe da Ibo da Tibi da Angas a wurin shi ne neman abinci, harshen da suke ciniki da shi kuwa Hausa.

Maraici da kuntigi

Sunansa na yanka Adamu, ana kiransa Adamu Wayya. Mahaifinsa makaɗi ne na Sarkin Hausawan Bukuru. Ya rasu ba da daɗewa da haihuwar yaron ba, mahaifiyar ma ta bi shi tun yaron yana jariri, sai Sarkin Hausawa ya ɗauke shi ya riƙe a gidansa. Daga nan laƙabin Ɗanmaraya ya fito, ya bi shi har ya danne sunan yanka.

Akwai abin lura a nan game da al'adar kiɗa. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi yakan fara bin ubansa tun yana ƙarami, ya ɗauki kaya, ya shiga cikin 'yan amshi, ya koyi taken kowane basarake da kirarinsa, in uban ya tsufa ya gaji kayan kiɗan da ubangidan gaba ɗaya. Adamu ya gaji jinin sana'ar, amma mutuwa ta yanke masa wannan hanya ta koyo. Ba uban da zai bi, ba ƙungiyar da zai gada. Abin da ya samu shi ne sauraron makaɗan da ke zuwa ƙofar gidan Sarki, da waɗanda ke wasa a kasuwa da bariki ranar da aka biya leburori.

Tun bai balaga ba ya yi tafiya zuwa Maiduguri, a can ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa da hannunsa. Kuntigi shi ne mafi ƙanƙanta cikin kayan kiɗan Hausa masu tsirkiya. Garaya tana da tsirkiya 2, molo yana da 3, goge da kukuma kuwa gogawa ake yi da izga. Kuntigi tsirkiyarsa ɗaya tak, cikinsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fatar akuya, aka soka masa ɗan sanda. Yaro marar ko kwabo yana iya tsintar gwangwani a juji ya roƙi guntun fata wurin dukawa ya yi abinsa. Tambari da kakaki da algaita na sarauta ne, ba kowa ke taɓa su ba. Kuntigi kuwa ba mai iko da shi, gwangwanin ma shigowar Turawa da kantunansu ne suka kawo shi.

Wannan zaɓi ya tsara sana'arsa duka. Mai kuntigi shi kaɗai yake waƙa, ba 'yan amshi, ba sanƙira mai yi masa roƙo. Makaɗin fada yana ciyar da ƙungiya ta mutum 10 ko fiye, saboda haka dole ya nemi ubangida mai doki da riga. Mamman Shata ma, da yake makaɗin jama'a ne, yana tafe da makaɗan kalangu da 'yan amshi masu yawa. Ɗanmaraya kuwa abin kiɗansa yana shiga aljihun riga, kuɗin motarsa na mutum ɗaya ne. Kyautar sisi da sule daga hannun masu ƙaramin ƙarfi tana iya riƙe shi. Wanda bai ɗauki nauyi mai yawa ba yana da damar zaɓen wanda zai yi wa waƙa.

Waƙar Karen Mota

Waƙar da ta fara fito da shi, wadda har yau aka fi tunawa da shi a kanta, ita ce Waƙar Karen Mota. Domin a gane dalilin karɓuwarta sai a tuna matsayin Jos a wancan zamani. Kafin a ja reluwe daga Kuru zuwa Maiduguri, aikin da aka fara a 1958 aka gama a 1964, Jos ce ƙarshen hanyar jirgi ga mutanen Bauci da Barno, har da na ƙasar Cadi. Gyaɗa da fatu da busasshen kifi su zo Jos a mota, gishiri da kananzir da atamfa su tashi daga Jos a mota. Tsakanin Jos da Maiduguri kusan kilomita 600 ne, ta Bauci da Potiskum da Damaturu. Kowace babbar mota tana da direba, tana kuma da yaro ko yara masu yi masa hidima.

Aikin yaron mota shi ne kiran fasinja, da ɗora kaya da sauke su, da ɗaure tamfol. In an zo hawa ya diro da gudu ya sa waigi a bayan taya. In taya ta fashe shi zai shiga ƙarƙashi da jak, in mota ta kafe a yashi ko a laka shi zai tura. Direba ya kwana a ɗaki, shi ya kwana bisa kaya yana gadi. Ladansa abinci ne da ɗan abin da direba ya ga dama, da fatan wata rana a koya masa tuƙi.

Sunan da aka ba shi ya isa shaida a kan yadda ake ganinsa. Karen mota harɗaɗɗen suna ne, kare da mota, aka haɗa su da harafin mallaka. A wurin Bahaushe kuwa kare dabba ce ta bin baya da gadi da cin saura, wadda ba a bari ta kusanci tabarmar salla. Wanda duk aka kira da wannan suna an riga an yanke masa matsayi. Ɗanmaraya ya ɗauki sunan nan yadda yake, bai sake shi ba, ya zuba shi cikin ƙirar waƙar yabo, ya lissafa wahalar yaron da ƙwazonsa kamar yadda makaɗin fada ke lissafa yaƙe-yaƙen sarki.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa yi wa mai sana'a waƙa sabon abu ne. Tun da can manoma suna da makaɗansu, haka maharba da maƙera da mahauta da 'yan dambe. Ɗan Anace ya yi suna da waƙoƙin dambe da na noma. Amma waɗannan sana'o'i ne na gado, masu sarakunansu da takensu da kirarinsu. A cikinsu ma gwani ake yi wa waƙa, wanda ya fi kowa kunya a gona ko ya kayar da abokin karawa. Aikin lada na zamanin Turawa, irin na lebura da ɗan dako da ɗan garuwa da yaron mota, ba shi da take, ba shi da kirari, ba wanda ya gaje shi, ba kuma mai fatan ɗansa ya gada. M. G. Smith, a cikin nazarin da ya buga a 1957 game da roƙo a ƙasar Zazzau, ya nuna cewa yabon maroƙi yana tabbatar da darajar da jama'a suka riga suka yarda da ita, ta asali da sarauta da dukiya. Abin da Ɗanmaraya ya yi shi ne ya kai yabo inda ba ko ɗaya daga cikin ukun nan. Ya bi wannan hanya a waɗansu waƙoƙin, kamar ta Lebura, da Mai Akwai da Babu, inda ya jera zaman mai shi da zaman marar shi.

Yaƙin basasa da rediyo

Ya kai ƙarfinsa daidai lokacin da ƙasa ta rikice. A 1966 aka yi juyin mulki sau 2, aka kuma yi kashe-kashe a garuruwan Arewa, har da Jos da Bukuru, Ibo da yawa da suka daɗe a wurin suka bar gidajensu da aikinsu suka koma gabas. A 1967 aka raba ƙasa jihohi 12, Jos ta zama hedkwatar Jihar Binuwai da Filato, a wannan shekara kuma yaƙi ya tashi, bai ƙare ba sai Janairu 1970.

Ɗanmaraya ya yi wa sojan Tarayya waƙoƙi da dama na ƙarfafa zuciya, ya sa bayanin abin da ke faruwa a fagen fama a ciki. Wani zai ce a nan ya bar talakawa ya koma wa hukuma. Akwai gaskiya a ciki, amma sai a duba ko su wane ne sojan. Kafin yaƙi rundunar ba ta fi mutum 10,000 da 'yan kai ba, kafin a gama ta kai wajen 250,000. Waɗanda suka cika wannan adadi 'ya'yan manoma ne da leburori da 'yan tasha, da yawa daga Filato da Binuwai, harshen bariki kuwa Hausa ne tun zamanin Turawa. Mutanen da ke sauraronsa a tashar mota su ne suka sa kaki.

Abu na biyu da ya ɗaukaka shi rediyo ne. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, ƙaramin akwatin rediyo mai batir kuma ya yi araha har ya shiga shagon tela da teburin mai shayi. Bayan faifan garmaho sai kaset ya zo a shekarun 1970, direbobi suka sa shi a mota. Muryar mutum ɗaya da tsirkiya ɗaya tana fita sarai a ƙaramin akwati, ba ta cuɗewa kamar taron ganguna. Ta haka waƙarsa ta kai Nijar da Kamaru da Cadi da zangunan Gana, shi kansa kuma aka riƙa gayyatarsa wasa har Turai da Amurka. Rediyo ya sake dangantakar mawaƙi da mai sauraro: da can sai mai kyauta ake yi wa waƙa a gabansa, yanzu kuwa dubban mutane suna ji ba su ba da ko anini ba, sunan da mawaƙi ya samu a wurinsu shi ke jawo masa gayyata.

Waƙoƙin zaman duniya

Kashi mafi yawa na abin da ya shahara da shi bayan yaƙi waƙoƙin jan hankali ne a kan zaman jama'a, musamman aure. A Jawabin Aure ya jera ɓarnar da saki ke jawowa, ya roƙi miji da mata su sasanta tsakaninsu. A Auren Dole ya soki iyayen da ke ba da 'yarsu ga wanda ba ta so. A Gulma Wuya ya kawo labarin magulmaciyar unguwa da ke haɗa baki da boka, tana ruɗin matan aure da alkawarin kuɗi da tufafi don su kashe aurensu. Akwai kuma Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali, a kan butulci da saurin juyawar mutum.

Waɗannan ma ba su rabu da bariki ba. A ƙauye aure yana da masu tsaronsa, iyaye da kawunai da liman da mai unguwa, kowa ya san kowa. A garin baƙi kuwa, inda miji ke fita aiki tun asuba, gidan haya ya tara iyali 5 ko 6 daga ƙasashe dabam dabam, albashi kuma ba ya kai ƙarshen wata, aure ba shi da waɗannan shingaye. Maganar da tsohuwar gida za ta yi wa amarya a ƙauye, ita Ɗanmaraya ya riƙa yi ta rediyo. Jigon ya yi kusa da na rubutattun waƙoƙin wa'azi, irin na Aliyu Namangi, sai dai shi ba ya kafa hujja da aya ko hadisi yadda malamai ke yi. Hujjarsa labari ce: ya kawo mutanen, ya sa su magana da junansu, ya bar mai sauraro ya ga inda abin ya ƙare.

Hausarsa

Wanda ya saba da waƙoƙin fada na ƙasar Sakkwato, masu tsofaffin kalmomi da habaici da zambo mai lulluɓi, in ya saurari Ɗanmaraya zai ce Hausarsa ba ta da zurfi. Lalle ba a bukatar mai fassara kafin a gane shi. Jimlolinsa gajeru ne, kalmominsa na kasuwa da tasha ne, bai kuma ƙyamaci kalmomin aro na Ingilishi da suka zo da aikin zamani ba, irin su direba da lebura da mota. Amma sauƙin nan yana da dalili. Narambaɗa yana waƙa ne a gaban fadawan da suka san asalin kowane gida, kalma ɗaya ta ishe su su gane wanda ake nufi. Masu sauraron Ɗanmaraya kuwa rabinsu Hausa harshe na biyu ne gare su, ko na uku. Ya zaɓi Hausar da Birom da Angas da Bayaraben Jos za su ji, ba tare da Bakano ya ce an karya masa harshe ba. Wannan gwaninta ce mai zaman kanta, ba kowane mawaƙi ya iya ta ba.

Rashin 'yan amshi kuma ya ɗora masa wani nauyi. Makaɗi mai ƙungiya yana hutawa lokacin amshi, ya shirya ɗan waƙa na gaba. Mai kuntigi ba shi da wannan hutu sai ɗan abin da tsirkiya ta cike masa. Shi ne mai ba da labari, shi ne miji, shi ne mata, shi ne magulmaciya. Game da kari kuwa, an daɗe ana zaton awon gaɓoɓi na rubutacciyar waƙa ne kaɗai, wadda ta aro ma'aunanta daga Larabci. Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya rasu a 2016, ya yi nazarin karin waƙoƙin Ɗanmaraya na aure, aikinsa kuma yana cikin waɗanda suka nuna cewa waƙar baka ma tana tafiya bisa tsarin gaɓa mai nauyi da marar nauyi, tana daidaita shi da bugun kiɗa. Mutumin da bai karanta aruli ba yana auna gaɓoɓinsa da kunne.

Iyakar laƙabin mawaƙin talakawa

Saura a auna laƙabin. A zamanin ƙuruciyar Ɗanmaraya akwai waɗansu masu waƙa da sunan talakawa, watau mawaƙan jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu. Su waɗannan sun nuna wa talaka wanda ya danne shi, suka kira sunan En'e da Turawa, 'yan jam'iyyarsu kuwa suka sha ɗauri da bulala. Waƙoƙin da aka san Ɗanmaraya da su ba irin waɗannan ba ne. Yana nuna wahalar marar shi, yana kiran mai shi ya ji tausayi ya kuma ji tsoron Allah, yana kiran matalauci ya riƙe sana'a ya bar lalaci. Gyaran hali yake nema a wurin kowa, tsarin da ya raba mai akwai da mai babu kuwa ya bar shi yadda ya same shi.

Har wa yau, da ya yi suna hukuma ta jawo shi jiki. An riƙa kiransa bukukuwan gwamnati, an ba shi lambar girma ta ƙasa, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa ake ce masa Dakta. Ya kuma yi wa manya waƙa kamar sauran makaɗa, domin da kyauta makaɗi ke ci, Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya ce Ɗanmaraya ɗan gwagwarmaya ne irin na NEPU ya ƙara masa abin da bai yi da'awa ba.

Duk da haka laƙabin bai faɗi ba. Mawaƙan siyasa sun yi magana a kan talakawa a dunƙule, a matsayin jama'ar da za ta jefa ƙuri'a. Ɗanmaraya ya ware mutum ɗaya daga cikin taron, ya faɗi aikin da yake yi da hannunsa daki daki, tun daga ɗora kaya har tura mota. Mai neman sanin yadda ƙaramin ma'aikaci ya zauna a garuruwan Arewa daga 1960 zuwa 1990 zai samu adadin ma'aikata da na albashi a rahoton gwamnati, amma yadda ake kiransu, da abin da ke ɓata musu aure, da abin da suke tsoro, a waƙoƙin nan zai same su.

Ƙarshen rayuwarsa da abin da ya rage

Garin da ya yi shi ya riga shi lalacewa. Man fetur ya janye hankalin gwamnati daga kuza tun shekarun 1970, a 1985 kuma farashinta ya faɗi a kasuwar duniya, manyan kamfanoni suka rufe, suka bar ramuka cike da ruwa a gonakin Birom. Gardamar ɗan ƙasa da baƙo, wadda tushenta ke cikin tarihin nan na kuza, ta zama faɗa a 1994, ta koma zubar da jini mai yawa a Satumba 2001, da Nuwamba 2008, da Janairu 2010. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002. Unguwanni suka rabu bisa addini. Ɗanmaraya bai bar Jos ba, yana nan da sunanta a jikin nasa, Musulmi da Kirista suna sauraronsa. Ya rasu a Jos ranar Asabar, 20 ga Yuni 2015, a farkon watan azumi, bai cika shekara 70 ba.

Masana ba su yi watsi da shi ba. Habib Ahmed Daba ya yi rubutu a kansa, Graham Furniss ya yi maganarsa a littafinsa na adabin Hausa na 1996, ɗalibai kuma sun rubuta kundaye a jami'o'i. Amma babban aikin yana nan, watau a tattara waƙoƙinsa gaba ɗaya, a rubuta su da ingantacciyar ƙa'ida, a sa wa kowace shekarar da aka ɗauke ta da wurin da aka ɗauke ta. Faifai yana fashewa, zaren kaset yana cin kansa, abin da ke yawo a waya da intanet kuwa sau da yawa guntaye ne, ba suna ba shekara. Tsofaffin direbobi da ma'aikatan rediyo da suka san lokacin da kowace waƙa ta fito, da dalilin yinta, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya adana gumakan Nok da ma'aikatan kuza suka tono daga rami. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i, tare da gidajen rediyon Kaduna da Jos, su yi wa waƙoƙin jikokin waɗannan ma'aikata irin wannan adana tun masu ba da bayani suna da rai.

Allah ya jiƙan Adamu Ɗanmaraya, ya gafarta masa, amin.